Tanadin magani a gida: abin da masu shirin ko-ta-kwana na Amurka suka fi nanatawa a rediyo

Masu kira a irin waɗannan shirye-shirye sukan kafa hujja da guguwar Katrina ta 2005, lokacin da mutanen birnin New Orleans suka yi kwana da kwanaki suna jiran agajin gwamnati. Daga nan suka ɗauki ƙa'idar cewa kowane gida ya iya riƙe kansa mako biyu.

Ruwa ne farko: kusan lita 4 ga mutum ɗaya a rana. In ba a samu tafasawa ba, a ɗiga bilic marar turare mai ƙarfin kashi 6 cikin ɗari, ɗigo 2 a lita, a jira minti 30. Sai dai bilic yana rage ƙarfi in ya daɗe, don haka a riƙa sabunta shi. Ga mai gudawa, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishiri ya wuce haka, yaro zai ƙara galabaita.

Zubar jini suka fi tsayawa a kai. A danne raunin da ƙarfi. In bai tsaya ba, kuma raunin a hannu ko ƙafa yake, a ɗaure da maɗauri mai faɗi, a tazarar santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba kan gaɓa ba, a rubuta lokacin. Siririyar igiya tana yanka nama, jinin kuma bai tsaya ba.

Inda likitocin cikinsu suka ja daga shi ne tara maganin kashe ƙwayoyin cuta na kifi. Ba a tantance shi don mutum ba, kuma ba ya taɓa mura ko kaɗan. Insulin kuwa, wato allurar masu ciwon sukari, da zarar ya bar firij, yawanci kwana 28 ne iyakarsa.