Kundinmu na farko ya kammala, ga wasannin bazara sun matso: ta ina za mu ɓullo?

Mai Garaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga mu shiga harkar nan.

Mu biyar ne, kiɗan gargajiya muke yi: garaya, goge, kalangu da sarewa, sai 'yar'uwarmu da ke jan waƙa, mu muna yi mata amshi. Mun daɗe muna wasa a ƙananan taruka, bana Allah ya nufa muka shiga situdiyo muka naɗi kundinmu na farko mai waƙoƙi 10. Shida namu ne, huɗu kuma tsofaffin waƙoƙi ne da muka koya a bakin wani dattijo, muka yi musu sabon kiɗa. An gama haɗa sauti, hoton bango kaɗai ya rage. An kuma ba mu ranakun wasa a wurare da dama a wannan bazarar, yawancinsu a fili, na farko saura kamar wata biyu.

Ga inda kanmu ya rabu. Ɗan kuɗin da ya rage bayan situdiyo ba zai yi mana komai da komai ba. Mai kalangunmu yana so a saki kundin duka a satin nan, a ba wani mutum kuɗin, domin ya yi alkawarin kawo mana dubban masu saurare a manhajar jin waƙa ta Spotify cikin kwana kaɗan. Mawaƙiyarmu kuma ta ce a riƙe kundin sai an gama wasannin, kada ya fita babu wanda ya san da zamansa. Ni ina tsakiya. Mun zuba wa aikin nan ƙarfinmu, ba na so ya fita ya nutse shiru. Don Allah me kuke gani?

Mai Haɗa Sauti:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka. Zan fara da mutumin nan mai alkawari: kada ku ba shi ko sisi. Babu wanda ke da ikon yi maka alkawarin adadin masu saurare sai wanda zai sa na'urori su yi ta juya waƙar da asusun bogi. Spotify na gano irin wannan, yana goge adadin, yana riƙe kuɗin, wani lokaci ya sauke waƙar gaba ɗaya. Tun 2024 ma yana cin kamfanonin rarraba waƙa tara a kan waƙar da aka kama, su kuma su juyo kan mai waƙar, har su rufe masa asusu. Kundin farko bai kamata ya fara da wannan tabo ba.

Maganar sakinsa a satin nan ita ma ba za ta yiwu yadda ya kamata ba. Ba kai tsaye ake ɗora waƙa a Spotify ko Apple Music ba, sai ta hannun kamfanin rarrabawa irin su DistroKid, TuneCore ko CD Baby, kuma gara a ba su sati 3 zuwa 4 kafin ranar fita. Dalili shi ne a shafin Spotify for Artists akwai inda za ku gabatar da waƙa ɗaya ga masu tsara jerin waƙoƙinsu, kyauta, amma sai waƙar ba ta fita ba tukuna, kuma aƙalla kwana 7 kafin ranar. In kun yi gaggawa, wannan ƙofar ta rufe.

Da ni ne, ga yadda zan raba wata biyun. A ɗora waƙa ɗaya yanzu, ta fita nan da wata ɗaya. Kundin kuma ya fita ana saura sati ɗaya wasan farko, ranar Juma'a, tunda tun Yulin 2015 ita ce ranar da aka tsayar ta fitar da sababbin waƙoƙi a duniya. Ku kula da abu ɗaya: kowace waƙa ana ba ta lambar shaida, wato ISRC, mai haruffa da lambobi 12. Idan za ku sa waƙar farkon a cikin kundin, ku sa mata lambar da ta fita da ita, sai adadin sauraren da ta tara ya biyo ta. Ku karɓi sautin daga situdiyo a WAV, ba MP3 ba, hoton bango kuma murabba'i, pixel 3000 da 3000.

Uwar Amshi:

Ƙanena, kafin a kai ga ranar fita, ni waƙoƙi huɗun nan ne suka tsaya mini. Dattijon ya san za su fita a kundi? Koya wa mutum waƙa ya rera a gabanka daban, sa ta a inda duniya za ta ji kuma kuɗi ya shigo daban.

Ku je ku zauna da shi, ku sa masa abin da kuka naɗa ya ji da kunnensa, sannan ku tambaye shi ɗaya bayan ɗaya: wannan a ina ka same ta? Sau da yawa abin da muke kira tsohuwar waƙa tana da mai ita. Wata shi ya yi ta yana saurayi, wata ta maigidansa ce da ya yi wa amshi, wata kuwa ya gaji amshin ne kawai, baitocin nasa ne. Wannan bambancin yana da nauyi, domin a ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda yawancin ƙasashe suka shiga, haƙƙin mai waƙa yana nan har aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, ƙasashe da yawa ma sun kai shi 70. Wadda kuma da gaske ba a san mai ita ba, wasu ƙasashe suna da tanadi na musamman a kan waƙoƙin gado, sai ku duba dokar inda kuke.

Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta: na ƙirƙirar waƙar, da na naɗin da aka yi a situdiyo. Naɗin naku ne, sabon kiɗan da kuka ɗora naku ne. Kalmomi da karin kuwa sai abin da binciken ya nuna. Lokacin cike fom ɗin kamfanin rarrabawa za a tambaye ku marubucin kowace waƙa, kada ku rubuta sunayenku a kan abin da ba ku ƙirƙira ba. Kuma kada ku yi saurin sa waɗannan huɗun a tsarin Content ID na YouTube, wanda ke kama duk bidiyon da ya yi amfani da sautinku. Yana iya kama wani bawan Allah da ke rera waƙar da kakarsa ta koya masa, alhali bai taɓa jin naku ba.

Ko babu doka ma, sunan dattijon nan ya fito a bangon kundin. In yana da ƙarfin fita, ku kawo shi wasan farko ku zaunar da shi a gaba, a faɗa wa jama'a ga wanda ya ba ku waƙoƙin.

Ɗan Sarewa:

Na yarda da Malam Mai Haɗa Sauti a kan ɗan alkawarin nan, amma ina ganin an ba Spotify muhimmancin da ya wuce nasa ga ƙungiya irin taku. Tun Afrilun 2024, waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba a biyan ta komai a can. Ku ɗora, domin wanda ya neme ku ya same ku, amma ku tambayi kanku: mutanen da ke tsayawa su ji goge, ina suke jin waƙa? Da yawansu YouTube ne, Facebook, Audiomack, ko abin da aka turo musu a WhatsApp.

Kuma kiɗanku kiɗan gani ne. Wanda ya ga yadda mai kalangu ke matse tsirkiya a hammata sautin yana hawa yana sauka, zai tsaya ko bai san ku ba. Ku sami inuwa mai haske, ku zauna ku biyar, waya ɗaya a kan abin da ba ya motsi, ku yi waƙar a ɗauka ɗaya. Ku yanko wurin da amshi ya faɗo, daƙiƙa 30 zuwa 40, a ƙasa ku rubuta rana da wurin wasa na gaba. In za ku kashe kuɗi a talla, ku kashe a kan wannan bidiyon, ku kuma saita shi ga mutanen da ke kusa da inda za ku yi wasan. Wanda zai iya tasowa ya zo ya fi muku amfani a yanzu.

Tsohon Makaɗi:

Yarana, na karanta duk abin da aka rubuta. Mawaƙiyarku tana da rabin gaskiya. Ta gane cewa wasan ne zai sayar da kundin, ba kundin ne zai cika muku fili ba. Inda ba na tare da ita shi ne riƙe shi har a gama. Mutum ya tsaya a gabanku ya ji waƙa ta ratsa shi, ya matso bayan an tashi ya ce ina zan samu wannan, sai ku ce masa sai nan gaba? Ya tafi kenan. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Saboda haka kowane wasa ya kasance akwai mutum ɗaya da ba makaɗi ba, yana zaune a teburi kusa da dandamali, da kundin a hannu, ko faifai ne ko filashi ko lambar nan ta QR da ake haskawa da waya. Aikinsa na biyu, wanda ni a wurina ya fi sayarwar, shi ne karɓar lambar duk wanda ya yarda ya bayar. Waɗannan mutanen su ne jarinku na baɗi. Mawaƙiya ta faɗi sunan ƙungiya da sunan kundi tun a farko, ta sake a tsakiya, ta sake kafin waƙar ƙarshe. Makaɗa da yawa kunya ke hana su, a tashi jama'a sun ji daɗi ba su san wa suka ji ba.

Kada ku jera sababbin waƙoƙinku a farko. Ku buɗe da ɗaya daga cikin tsofaffin, wadda wani a cikin taro zai iya kama amshinta, in sun saki jiki sai ku shigo da taku.

Sai kayan kiɗa, tunda a fili za ku yi. Fata ba ta son rana kai tsaye kuma ba ta son laima. Zafi na ɗaure ta har muryar ta haura, in ya yi yawa ta tsage. Iska mai damshi kuma na sakin ta sautin ya mutu. Kada a bar kalangu ko garaya a cikin mota a rufe da rana. Mai goge ya riƙe ƙaronsa da izgar canji a aljihu, kai ma mai garaya ka zo da tsirkiyar canji. Ku isa da wuri, kayan su sha iskar wurin kafin ku daidaita su, kuma ku sake daidaitawa in rana ta faɗi, domin abin da ya zauna da la'asar ba shi ne zai zauna da dare ba.

Mai Shirya Taro:

Bari in ƙara daga ɓangarenmu. Ku turo wa kowane mai taro, tun yanzu, hoto ɗaya mai kyau, bayani a kanku da bai wuce layi biyar ba, da wannan gajeren bidiyon. Mu ma talla muke nema, in kun ba mu za mu yaɗa. Ku haɗa da takardar da ta nuna ku nawa ne, wa ke zama a ina, makirfo nawa kuke buƙata. Garaya da goge muryarsu ba ta kai ta kalangu ba, in mai sauti bai sani ba tun farko, ganga za ta haɗiye su. Ku nemi lokacin gwajin sauti.

Maganar kuɗi kuma a rubuce: nawa ne, kafin alƙalami nawa, yaushe za a cika, minti nawa za ku yi, me zai faru in ruwa ya hana wasa, kuma an yarda ku sayar da kundinku a wurin ko a'a. Saƙon waya ma ya isa, in dai kowa ya amsa.

Mai Garaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa sauran, mai kalangu ya haƙura da mutumin nan. Mun tsaya a kan waƙa ɗaya tukuna, kundi kuma kafin wasan farko. Yaya Uwar Amshi, gobe in Allah ya kai mu za mu je wurin dattijon. Tambaya ɗaya ta rage. Waƙoƙi shidan nan namu, mawaƙiyarmu ce ta rubuta kalmomin yawancinsu, kiɗan kuma tare muka gina shi. In kuɗi ya fara shigowa, yaya ake rabo? Ba mu taɓa zancen ba.

Uwar Amshi:

Ku yi zancen a satin nan, tun babu ko kwabo a ƙasa, lokacin ne kowa ke iya yin adalci. Ku raba shi gida uku. Kuɗin wasa da kuɗin naɗin kundi, ƙungiyoyi da yawa daidai suke raba su, bayan an mayar wa duk wanda ya zuba kuɗinsa a situdiyo abinsa. Kason ƙirƙira kuwa waƙa-waƙa ake yin sa: a rubuta sunan waƙar, wa ya yi kalmomi, wa ya kawo kari, kowa da kasonsa cikin 100, kowa ya sa hannu. Wasu kan ba kalmomi rabi, kiɗa rabi, wasu kuma su raba komai daidai don zaman lafiyar tafiya. Duk wanda kuka zaɓa ya yi, muddin ku biyar kun yarda da bakinku. Ku rubuta har da abin da zai faru da kason mutum da sunan ƙungiya in wani ya bar ku.

Mai Haɗa Sauti:

Ƙari kaɗan a kan na Yaya. Wasu kamfanonin rarrabawa, irin su DistroKid, suna da tsarin da za ku shigar da kason kowa, kuɗin ya riƙa tafiya asusun kowa kai tsaye, ba sai ya bi ta hannun mutum ɗaya ba. In kuma kuna son inda masoya za su sayi kundin kai tsaye, ku duba Bandcamp: suna cire kashi 15 cikin 100 a kan abin da aka sauke, kashi 10 a kan faifai da sauran kaya. Amma ku fara tabbatar da cewa hanyar da suke biyan kuɗi tana aiki a ƙasarku kafin ku buga adireshin a fosta.