Taki ne abincin shuka ko ba shi ba ne?

Mai Dankali: Jama'a, yarona ya dawo daga makaranta wai shuka ba daga ƙasa take cin abinci ba, a ganye take haɗa kayanta. To NPK da yuriyar da muke zuba wa kuɗi duk damina a Bokkos fa? Ni dai taki ne abincin shuka, kamar dusa ga saniya.

Malamin Sakandare: Alhaji, yaron na da gaskiya. Saniya abin da shuka ta riga ta haɗa take ci, ta koma gefe tana tuƙa. Ita kuwa shuka, ganye ke shaƙo iskar kabon ta wasu ƙananan ƙofofi, saiwa ta jawo ruwa, koren ganyen ya kama hasken rana, sai a samu sukari. Taki 'yan sinadaran da take buƙata kawai yake ƙara mata.

Mai Dankali: Malam, zo ka shuka masara babu taki, ka bar ta da rana, mu ga buhu nawa za ka ɗauka.

Malamin Sakandare: Ban ce ba ya da amfani ba. Amma wani masani, Van Helmont, ya dasa ɗan itace mai kilo 2 a tukunya, shekara 5 ruwa kawai yake ba shi. Itacen ya kai kusan kilo 77, ƙasar tukunyar ko giram 60 ba ta ragu ba. Daga ina nauyin ya fito?

Hajiya Farin Gada: Alhaji, kai ma ka gani da idonka. In cutar ganye ta faɗa wa dankali lokacin marka, ganye ya yi baƙi ya ruɓe, me kuke kawo mana kasuwa? 'Yan mitsi-mitsi, alhali taki na nan jibge a ƙasa. Mu masu saye mun fi kowa sanin shekarar da ganye ya mutu da wuri.

Ɗan Jami'a: Ni kuma Malam zan ɗan taɓa. Ba kowace shuka ke wahalar da kanta ba. Ƙuduji saiwar dawa da masara yake kamawa yana tsotsa tun bai leƙo waje ba. Shi wane layi za a sa shi?

Malamin Sakandare: Ɓarawo ne, amma shuka ne. Da ya fito yana da koren ganye, yana ɗan haɗa nasa. Kawo min akuyar da ta taɓa ƙoshi da shanya jiki a rana.

Mai Dankali: Hajiya, maganarki ta fi shiga ni. Amma in na fasa zuba yuriya, ganyen ne ke fara yin rawaya. Ashe shi ma da takin yake taƙama.

Malamin Sakandare: Ƙwarai, da nitirojin, sinadarin da ke cikin yuriya, ake gina koren. Shi ya sa ban ce ka daina saye ba.

Mai Dankali: To a nan zan tsaya, ban janye ba. Hajiya, nawa buhu ya kwana yau?