GPS ta hannu: in saya yanzu ko in jira masu fitowa?

Laminu: Assalamu alaikum. Aikin shata burtali ya taso mana wajen Tanut bayan girbi, ga tawa na'urar GPS ɗin ta tsufa, allon duk ya dushe. Wani ya ce in dakata, wai masu fitowa za su zo da sabon cip mai nuna wuri daidai har taƙi ɗaya. Gaskiya ne ko bakin ƴan kasuwa?

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam. Kamfanonin nan ba su cika faɗin cip ɗin da suka sa ba, sai wani ya kwance ya leƙa ciki. Zamanin na'urar GPSMAP 60CSx ta kamfanin Garmin, a 2006, kowa cip ɗin SiRFstarIII yake ambato, yau wa ke zancensa? Kai dai duba ko na'urar tana kama sigina ta zango biyu, L1 da L5. Taurarin GPS suna can sama kilomita 20,200, kafin sigina ta iso sai ta ratsa sashen sama da rana ke cajawa, ta ɗan makara. Makarar L1 daban, ta L5 daban, to da wannan bambancin na'ura ke lissafi ta cire kuskuren.

Rabi: Malam ya faɗi gaskiya. Ran nan muna ɗaukar wuraren famfo cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, tsakanin manyan duwatsun nan da katangu. Ina tsaye ƙofar gida, tsohuwar na'urarmu ta kai ni tsakar gidan maƙwabta, in na jira kaɗan ta maido ni lungu. Sigina ce ke bugun dutse ta dawo. Da muka kunna GPSMAP 65s mai zango biyu a wurin, ɗigon da ke nuna inda nake ya zauna shiru.

Abba: Baba Isuhu, to me zai hana waya? Tun 2018 Xiaomi Mi 8 ta fito da L5, cip ɗin Broadcom.

Malam Isuhu: Abba ke nan. Riƙe ta a rana cikin Afrilu daga hantsi zuwa azahar, ka dawo ka ba mu labari. Eriyarta kuma ba ta kai ta na'urar ba.

Rabi: Yaya Laminu, ka yi tunanin wuta ma. GPSMAP 67 batirinta a ciki yake, sai caji. 65s da eTrex SE kuwa batir biyu ƙanana, irin na tocila, kowane mai tebur na da su. eTrex SE kamfanin ya ce tana kai awa 168, sai dai zango ɗaya take kamawa. A fili fetal irin na Tanut, ba dutse ba bene, ni ina ganin ta isa burtali.

Abba: Ni abin da nake hange shi ne Galileo, taurarin Turai masu aiki irin na GPS. Tun Janairun 2023 suke watsa gyara kyauta ta zangon E6, suna neman kusan santimita 20. Ranar da aka sa cip mai kama E6 a ta hannu, an gama.

Malam Isuhu: Allah ya kai mu. Amma cip kaɗai ba ya yi, sai da eriya mai kyau, sai kuma ka tsaya ƙyam na mintoci kafin lissafin ya daidaita. Wanda ke bin burtali a ƙafa bai da wannan lokacin. In rikicin iyakar fili ne tsakanin magada, kar kowa ya ɗauko ta hannu, mita biyu ko uku da take kaucewa sun isa raba zumunci. Wannan aikin RTK ne, manyan na'urorin masu awon fili, irin masu cip ɗin u-blox ZED-F9P, da tasha kafe a gefe tana aiko musu gyara, su ke kai santimita.

Harisu: Ƙari kaɗan. A kowace alama ka bar ta ta tara awo na ɗan lokaci kafin ka ajiye. Kar ka yi awo bayan magariba, sama ta fi rikicewa lokacin a yankinmu. Ku duka ku sa saitin taswira ɗaya, WGS84, Damagaram kuma shiyyar UTM 32 ce. Mun taɓa yini guda muna neman turakun da ke gabanmu, ashe saitin abokin aikina daban.

Laminu: Na gode ƙwarai. Jira ya ƙare, 65s zan nema tunda akwai aikin Birni gaba. Wa zai shiga Kano makon nan ya tayo mini?

Harisu: Ni, ran Laraba. Turo hoton wadda kake so, kar a ɗora mini tsohuwa cikin sabon kwali.