Neman shawara: in sa sunana a tafiyar sararin samaniya ko in haƙura?

Malamin Kimiyya, Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah kada a mai da abin wasa, da gaske nake. Kun ji yarjejeniyar da hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ta ƙulla da SERA, wata ƙungiya mai shirya tafiyar sararin samaniya, a 2024, cewa za a ba ɗan Najeriya ɗaya kujera a kumbon New Shepard na kamfanin Blue Origin, kuma jama'a ne za su zaɓi mai tafiya. Tun ina yaro abin nan yake raina. Na san samun kujerar da wuya, amma ba na so in sa suna a abin da in ya faɗo kaina zan noƙe. Ina da mata da yara ƙanana, kuma ni ke riƙe da mahaifiyata tun rasuwar Baba. Da na gaya wa Hajiya, cewa ta yi ba da yawunta ba. Uwargida kuwa ko uffan ba ta ce ba, kuma shirun nata ya fi damuna. Shin haɗarin ya kai yadda suke tsoro?

Ɗan Kwangila:
Malam, kai da kake bin hanyar Kaduna a motar haya, wane tsoro ya rage maka? In kwana ya ƙare ko a kan katifa ne sai an tafi. Ai ɗan Najeriya ya riga ya je a irin wannan kumbon a 2025, lauya Owolabi Salis, ya dawo lafiyarsa ƙalau. Sa sunanka, ƙuri'un Zazzau naka ne.

Injiniya, Palladan:
Ɗan Kwangila, ka yi haƙuri, lissafinka bai fita ba. Kumbon Amurka mai zuwa ya dawo, wato Shuttle, ya tashi sau 135, biyu suka tarwatse, mutum 14 suka mutu. Kusan ɗaya cikin 68 ke nan. Da a ce kowace mota ta 68 da ta bar tasha ba ta isa Kaduna, da tuni an rufe tashar.

Malam, tunda kai malami ne, ya kamata ka san na farkon. Challenger ya tashi ran 28 ga Janairu 1986, ya wargaje bayan daƙiƙa 73. A cikinsa akwai malamar makaranta, Christa McAuliffe, wadda aka zaɓo daga cikin dubban malamai, ɗalibai suna kallo a talabijin. Abin da ya jawo, wani zoben roba ne da sanyin safiyar ya sandarar, ya kasa toshe mahaɗar roka. Injiniyoyi sun yi gargaɗi a daren, aka ƙi ɗage tashin. Columbia kuma a 2003 wani guntun soso ne ya ɓalle ya bugi fiffike wajen tashi, sai a hanyar dawowa zafi ya shiga ta ramin. Mu masu gyaran jirgi abin da ke hana mu barci ke nan: ƙaramin abin da aka raina.

Amma in yi adalci, New Shepard wani abu ne daban. Ba ya kewaya duniya. Miƙewa yake sama ya wuce kilomita 100, ku yi kamar minti uku kuna shawagi ba nauyi, sai akwatin fasinjan ya sauko da laima. Duka tafiyar kusan minti 11 ce. Mai kewaya duniya sai ya kai gudun kilomita 28,000 a awa, wannan kuwa bai kai ko kashi ɗaya cikin bakwai na hakan ba, don haka zafin dawowa da ya cinye Columbia babu shi a nan. A Satumbar 2022 injinsa ya lalace a wani tashi da ba mutane, akwatin ya fizge kansa ya sauka lafiya. Wasu sun ce ga hujja cewa yana da haɗari, ni kuwa hujja na gani cewa hanyar tsira tana aiki.

Inda gizo ke saƙa shi ne tashinsa bai yi yawan da za a ba ka tabbataccen lissafi ba. Kuma a dokar Amurka sai ka sa hannu cewa an sanar da kai gwamnati ba ta ba da shaidar amincin kumbon ga fasinja ba.

Ustaz, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Zuwa sararin samaniya a kan kansa ba a ce haramun ne ba. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je a 1985. Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya ya je a 2007 cikin azumi, har malaman ƙasarsu suka tsara masa yadda zai yi salla a can. Abin da malaman Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka haramta a 2014 shi ne tafiya duniyar Mars wadda babu dawowa, saboda faɗin Allah a Nisa'i aya ta 29 cewa kada ku kashe kanku. Taka da dawowa aka shirya ta, kuma rinjayen zato tsira ne.

Matsalarka Hajiya ce. Wani ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya ce e, aka ce ya koma ya yi jihadinsa a hidimarsu. Wannan fa jihadi ke nan, balle tafiyar da ba wajibi ba. Idan ba ta sakar maka ba, ni ban ga hanya ba.

Maman Biyu, Sabon Gari:
Duk kun yi ta maganar roka da fatawa, ba wanda ya waiwayi baiwar Allah da ta yi shiru. Malam, in gaya maka abin da take lissafawa? Kai minti 11 za ka samu, a yi ta sa hotonka. In abin ya ɓaci ita ce da takaba wata huɗu da kwana goma, ita ce da kuɗin makaranta, kuɗin haya da maganin Hajiya. Ba wai ta ƙi ci gabanka ba ne, ta ga dai ba ka zo mata da amsar waɗannan ba. Ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci. Gidan naku ne ko haya? Akwai bashi a kanka? Ka rubuta wasiyya? Masu shirya tafiyar suna da inshora ga iyali, ko sa hannu kawai za a karɓa? Waɗannan ko ba ka zuwa ko'ina ya kamata ka gyara su.

Ɗalibar ABU:
Sir, Wally Funk ta hau New Shepard tana da shekara 82, William Shatner yana da 90, duk a 2021. Sai dai wajen saukowa nauyin jiki yakan ninka har kusan sau biyar na ɗan lokaci. In kana da hawan jini ka fara leƙa asibitin Shika a auna ka.

Malamin Kimiyya, Samaru:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Maman Biyu, haya muke, kuma akwai ragowar bashin babur. Yau da dare zan yi magana da ita. Hajiya kuma zan roƙi Kawu ya raka ni ran Juma'a, shi take saurara. In ta sake cewa a'a, na bar maganar. Injiniya, waccan takardar sa hannun, ana iya ganinta kafin a yi rajista, ko sai an zaɓi mutum?

Ɗan Kwangila:
To in Hajiya ta hana, a sa nawa. Ni ba mata ba bashi.