Wa ya taɓa gasa bekon na naman shanu a tukunyar gashi marar mai ta waje?

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Muna zaune a Hustan ta jihar Tekzas. A watan Nuwamba maigidana ya sayo tukunyar nan ta Char-Broil da suke kira Big Easy, don gashin talo-talo lokacin hutun godiya na Amurkawa. Doguwar tukunya ce mai amfani da silindar gas, a bayan gida ake ajiye ta, ba a zuba mata mai ko cokali ɗaya. Talo-talon ya yi kyau ƙwarai, amma tun daga ranar tana nan a rufe, ni kuwa ba na son kayan kuɗi su zauna ba aiki.

Yarana sun ƙwallafa rai a kan bekon, siraran yankan naman nan mai gishiri da aka fi yi da naman alade. Kafin wani ya ɗaga murya, na naman shanu nake nufi, wanda ake saya a shagon halal. Matsalata biyu ce. In na soya a kasko sai kicin ya turnuƙe har ƙararrawar hayaki ta fara ihu, kuma warin kitse ya kwana a labule. Sannan ba ya yin rumus, gefe ya ƙone tsakiya kuwa da tauri, yarinya ta ciza tana ja. Ita ƙaramar tawa Hanifa, mai ƙaras-ƙaras take so, wanda za ta karya da yatsa biyu. Shin wannan tukunyar za ta yi? In za ta yi, a kwance zan sa shi cikin kwandon ƙarfen da ake zurawa cikin tukunyar ko kuwa? Minti nawa? Kuma ina da yajin tsire da aka aiko min daga Kano, kafin gashi zan barbaɗa ko bayan an sauke?

Abu Sadik:

Wa alaikumus salam Hajiya. Za ta yi, har ta fi kasko, amma kada ki kwantar da shi. Ki dubi yadda aka gina tukunyar: wutar tana zagaye ne tsakanin bangon waje da na ciki, bangon ciki ya yi zafi ya riƙa dukan nama daga gefe. To duk abin da kika shimfiɗa a gindin kwando bai fuskanci zafin ba, sai dai ya dahu cikin kitsensa. Rataye shi za ki yi. Ni tsinken ƙarfe nake gittawa a bakin kwandon, in ɗora kowane yanki a kai ya sauko gida biyu, da tazarar yatsa tsakaninsu. In suka manne, wurin da suka haɗu zai fito fari da laushi.

Daga minti 10 ki fara leƙawa. Siriri yakan kai 12 zuwa 15 a wurina, mai kauri ya fi haka, ranar da ake iska kuma sai ya ƙara. Murfin ragar nan ki bar shi sai mintuna biyu ko uku na ƙarshe, don yana mayar da zafi ciki kuma nan da nan yake duhunta saman nama.

Babban abin shi ne lokacin saukewa. Bekon ba ya yin rumus a cikin wuta, sai ya fito ya sha iska. In kika jira ya bushe ƙamas yana rataye, to kin makara, ɗaci zai yi. Da kin ga kitsen ya daina fari ya koma ruwan zuma, kumfar da ke kansa ta ragu, ki ɗaga kwandon. Ki jera a kan raga minti biyu, sannan ki taɓa ki ji.

Anti Rabi:

'Yar uwa, taurin nan da kike faɗa rabinsa daga naman ne. Wasu fakitin da ake sayarwa tsoka ce zalla, wani ma niƙaƙƙen nama ne aka matse aka yanka, wannan ko me kika yi masa ba zai yi ƙaras ba. Ki nemi wanda aka yanko daga shafin cikin saniya, ƙasan haƙarƙari, mai layin kitse da layin tsoka. Ni mahaucinmu nake sa wa ya yanka min da inji siriri sosai.

Kuma ki sani kitsen shanu yana saurin daskarewa, ya kama dasashi. A ci da zafinsa, kada ki gasa tun asuba ki ce sai yara sun tashi.

Yaji kuwa bayan an sauke. Akwai ƙuli-ƙuli a ciki, yana haɗuwa da zafin nan zai ƙone, kitsen da ke ɗiga kuma ya wanke sauran. Ki barbaɗa yana fitowa, maiƙon jikinsa zai kama shi. Ki ɗanɗana tukuna, domin bekon da gishirinsa yake zuwa, yajin ma akwai gishiri da dunƙule.

Maman Hanifa:

Allah ya saka da alheri. Anti, na duba fakitin da ke firij, lallai kusan babu kitse a jiki. Malam Abu Sadik, kitsen da zai riƙa ɗiga fa, ba zai kama da wuta ba? Kuma in ana ruwa zan iya jawo ta cikin gareji in bar ƙofa a buɗe?

Abu Sadik:

Gareji kam a'a Hajiya, ko da ƙofa a buɗe. Wutar gas tana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksayid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. A fili kawai, nesa da bango da katangar katako. In ana ruwa a haƙura.

Kitsen yana bi ta ramin da ke gindin tukunyar ya sauka a ɗan faranti da ke ƙasa, ba ya taɓa harshen wuta, shi ya sa hayakin bai kai na gawayi ba. Sai dai ki tabbata farantin babu tsohon maiƙon talo-talo, ki shimfiɗa masa takardar aluminiyam, kuma kada yankin nama ya taɓa bangon ciki, nan take zai ƙone ƙurmus. Ki sa safar hannu mai kauri, ki ɗaga kwandon da ƙugiyarsa.

Anti Rabi:

Kitsen nan kuma kada ki zubar, balle a magudanar kicin, toshe ta zai yi. Ki tace da zafinsa cikin kwalba ki sa a firij. Cokali ɗaya a soyayyen ƙwai ko a kan wake da shinkafa ya isa.