Wa ke lura da tarkacen da ke yawo a saman kanmu?

Direban Tanka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ruwa nake kai wa wani garken raƙuma a bayan Riyad, wani lokaci dare ya yi mini a can in kwana a kan tabarma gefen mota. Shekaranjiya bayan isha'i na ga wasu fitilu sun jeru a sama kamar carbi, suna tafiya shiru ba ƙara. Makiyayin, wani ɗan Sudan, ya ce taurarin ɗan Adam ne na Starlink masu ba da intanet, wai sama ta cika da ƙarafa har da matattu. Tun daga nan nake tunani: akwai mai ƙirga su kuwa? In ɗaya ya mutu, ba zai rikito wa mutum a ka ba?

Baban Hanifa, Jidda:
Wa alaikumus salam. Akwai masu ƙirgawa, Malam Direba. Daga ƙasa ana bin su da na'urar rada da ta hangen nesa, kuma sojojin Amurka na da kundin da ke ɗauke da lambar kowane guntu da ya kai kamar santimita 10. Matsalar ita ce na'urar hangen nesa sai da dare take aiki, kuma gajimare ko irin ƙurar nan tamu ta Saudiyya na rufe mata ido. Shi ya sa aka harba taurari masu gadi can sama, inda babu hazo. Kanada ta harba nata mai suna Sapphire a 2013, aikinsa kallon abubuwan da ke nesa, har wajen kilomita 36,000 inda taurarin Arabsat suke, waɗanda dish ɗinka ke fuskanta. Gani kawai suke yi fa, ba shara ba. In lissafi ya nuna za a yi karo, sai a gaya wa mai tauraron ya kauce. Mataccen kuwa ba shi da sitiyari. A Fabrairun 2009 wani mataccen na Rasha, Kosmos 2251, ya yi taho-mu-gama da wani tauraron sadarwa na Amurka, Iridium 33, a saman Siberiya, suka tarwatse gutsi-gutsi kusan 2,000.

Maman Yasir, Madina:
Ni na fara bin maganar nan ne lokacin da 'yar sama jannatin Saudiyya Rayyana Barnawi ta je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2023. Tashar na gudun kusan kilomita 28,000 a awa, to a wannan gudun ko noti ɗaya harsashi ne. A 2021 da Rasha ta fasa wani tsohon tauraronta da makami, sai da mutanen tashar suka shige kumbonsu suka fake.

Baban Hanifa, Jidda:
Haka ne Hajiya. Na manta ban amsa maganar faɗowa ba. Yawanci suna ƙonewa ne in sun shigo iska, amma ba duka ba. A Janairun 2001 wani ɓangaren injin roka na Amurka, mai nauyin kilo 70, ya faɗo a sahara kimanin kilomita 240 daga Riyad. Bai samu kowa ba.

Direban Tanka:
Kilo 70! Ai ya ɗara buhun shinkafa, kuma a unguwarmu. Na gode Alhaji. Yau dai a cikin mota zan kwana, makiyayin ya yi ta dariya in ya so.