Maki 80 a wata makaranta, 52 a wata: wanne ne na gaskiya?

Maman Tafo:
Assalamu alaikum. Malamai da iyaye, ku taimaka min. Mun tashi daga Aboabo mun koma Tafo a nan Kumasi, Ghana, dole na sauya wa 'yata makaranta, tana aji biyu na JHS, wato ƙaramar sakandare. Duk biyun na gwamnati ne. A tsohuwar, lissafinta bai taɓa sauka ƙasa da 80 ba. Sakamakon farko a sabuwar: 52. Yarinyar nan ba ta sauya ba, bayan Isha'i tana kan tabarma da littafinta har sai na kashe mata wuta. Ta yi kuka har ta ƙi cin tuwo. Shin gwamnati ba ta da ma'auni ɗaya na ba da maki ne? Wanne zan yarda da shi, ga BECE, jarrabawar gama JHS, na tafe baɗi?

Malamin Lissafi, Asawase:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A takarda ma'aunin ɗaya ne. Manhajar da NaCCA, hukumar tsara manhaja ta ƙasa, ta fitar ita muke koyarwa duka, kuma yadda aka saba, rabin makin zango daga aikin aji yake fitowa, rabi daga jarrabawar ƙarshe. Inda gizo ke saƙar shi ne, a makarantu da dama malami ne ke rubuta tambayoyinsa, shi ne kuma ke dubawa. Wani zai maimaita misalan da ya yi a allo, ya sauya lamba ɗaya kawai. Wani zai ɗebo daga tsoffin tambayoyin WAEC. Aikin gida ma, wani yana ba da cikakken maki muddin an kawo littafi, ko da yayan yaro ne ya yi masa. Ni na karɓi yara masu 85 da ba su iya haɗa rabi da sulusi ba, kuma abin yana min ciwo, don ba laifinsu ba ne.

A BECE kuwa kashi 70 na WAEC ne, 30 kacal ke zuwa daga makaranta. Daraja daga 1 zuwa 9 ce, 1 ta fi kyau, ana haɗa manyan darussa huɗu da wasu biyu da yaro ya fi ci. Da sakamakon BECE ne kwamfuta ke raba yara makarantun sakandare tun 2005. Ranar, 80 ɗin da aka yi wa yaro alfarma ba za ta kai shi fitattun makarantu irin su Prempeh ko Yaa Asantewaa ba. Ki je ki nemi takardar amsarta ki gani da ido. In tambayoyin sun yi kama da na WAEC, riƙe 52 ɗin nan, ki gode wa malamin.

Baban yara, Sabon Zango:
Malam ya faɗi gaskiya. Ni dai ina ganin kowace gunduma ta riƙa shirya tambaya ɗaya, a yi musayar takardu tsakanin makarantu wajen dubawa. An yi jarrabawar bai-ɗaya ta ƙasa ga 'yan aji huɗu na firamare a 2021, ashe abin mai yiwuwa ne.

Anti Malama:
Alhaji, ina goyon baya, amma da sharaɗi. Ajina cike yake maƙil, yara uku a benci ɗaya, littafi ɗaya suke leƙawa. In tambaya ɗaya za a ba mu da makarantar da kowane yaro ke da nasa, to a kawo mana littattafai tukuna, in ba haka ba hedimasta zai matsa a gama manhaja a guje ko yara sun gane ko ba su gane ba. Shi ya sa ma aka riƙa ware wa 'yan makarantun gwamnati kashi 30 na gurabe a fitattun makarantun sakandare. Hajiya, ki sa ta riƙa yin tsoffin tambayoyin BECE ranar Asabar, da agogo a gabanta, wani daban ya duba mata.